Bencunan makarantarmu sun ƙare a damina biyu, akwai abin da zan shafa wa katako banda baƙin mai?

Malamin Rigasa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da 'yar makarantar Islamiyya a nan Rigasa, Kaduna, ɗaliban yara ne ƙanana. Shekara biyu da suka wuce iyayen yara suka yi karo-karo muka kafa rumfa a tsakar gida, aka buga mana bencuna 14. Yau in kun ga bencunan nan sai kun tausaya mana. Katakon ya yi furfura, ya koma toka-toka, ya tsattsage ta ko'ina. In ka shafa da tafin hannu sai wani gashi-gashi ya biyo ka. Ƙafafun da ke taɓa ƙasa kuwa sun yi laushi har farce yana shiga. Shekaranjiya sartse ya shige wa wata yarinya a cinya, da ƙyar aka ciro shi, ranar ban iya ci gaba da karatu ba.

Yanzu iyaye sun sake haɗa abin da ya samu, za mu yi sababbi. Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi baƙin mai wajen masu gyaran mota in laɓta. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Hijaban yaran farare ne, kuma yaro ba ya rabuwa da sa hannu a baki. Don Allah masana katako, babu wani abu daga itatuwanmu ko tsirrai da zai kare katako daga rana da ruwan sama? Kuɗin mutane ne, amana ce a wuyana.

Mai Kwano Kakuri: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai gaskiya zan faɗa maka, shekarata 15 ina aikin rufi. Baƙin mai da ɗan kananzir shi ne abin da talaka zai iya, kuma yana aiki. Duk katakon tu-bai-fo da na ɗora wa kwano sai na shafe shi, ban taɓa komawa na tarar gara ta cinye ba. Maganar ganye da saiwa ka bar wa masu maganin shawara.

Baba Kafinta, Panteka: Malam, kafin a kai ga abin shafawa, wane katako aka yi maka aikin da shi? Ka ɗaga benci ɗaya da hannu ɗaya ka gani. In ya taso sakayau kamar kwali, kuma cikinsa fari ne tas, to an gama magana.

Malamin Rigasa: Baba, haka yake wallahi. Fari ne, ba nauyi. Lokacin da aka kawo su ma akwai danshi a jikinsu, har ƙusa tana fitar da ruwa-ruwa in an buga.

Baba Kafinta, Panteka: To ka ji. Farin katako aka ba ka, irin obeche ko ɗan'uwansa, kuma ɗanye. Wannan katakon silin ne da bayan kwaba, ba a yi shi don ya kwana a waje ba. Ko man me ka shafa masa ba zai ga damina uku ba. Araha ba ta ado, ɗana.

Na shiga sana'ar nan ina yaro ina riƙe wa maigidana zarto, yau jikokina ne ke riƙe mini. Abin da na gani shi ne, rabin maganin katako yana cikin zaɓensa. Kowace bishiya tana da zuciya, wato jan tsakiyar nan mai nauyi, tana kuma da farin gefe da ke bin ɓawo. Farin gefen nan abincin ƙwari ne ko a jikin maɗaci. Zuciyar kuwa Allah ya riga ya zuba mata nata maganin tun tana tsaye a daji. Shi ya sa turmin kirya ke wuce wadda ta saye shi, ya koma hannun 'yarta. Shi ya sa kakanninmu suka yi rufi da azarar giginya, gara ta zo ta shinshina ta wuce. Don benci na waje ka nemi maɗaci ko iroko ko kawo, in aljihu bai kai ba ka nemi malaina wadda ta bushe sosai, ita ba ta cika murɗewa ba, amma kada ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ka tsaya a kan mai katako ka zaɓi falankin da babu farin gefe da yawa. Zai ɓata rai, ka ƙyale shi, kuɗinka ne.

Ɗan Afaka: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, abin da ya faɗa shi muka karanta a kwalejin gandun daji ta Afaka, sai dai mu da dogon turanci. Bari in ƙara da abin da ke faruwa a jikin katakon, domin Malam ya haɗa cuta uku ya kira su da suna ɗaya, kuma kowace maganinta daban.

Ta farko rana. Katako zare-zare ne da wani danƙo ya haɗe su, masana suna ce masa lignin. Hasken rana yana ƙona wannan danƙon a saman fatar katako, ruwan sama ya zo ya wanke shi, sai zaren ya rage tsirara. Furfurar da kuke gani ke nan, da gashi-gashin da ke bin hannu. Wannan a fata take tsayawa, ba ta kashe katako, amma tana buɗe wa sauran ƙofa.

Ta biyu kumburi da motsewa. Ku dubi garinmu: daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba ruwa ne, a shekara muna samun sama da milimita 1,000, Agusta da Satumba kusan kullum sama a haɗe. Katako ya sha ya kumbura. Nuwamba na yi hunturu ya sauko, iskar da ke fasa leɓe da diddige ita ce ke zuƙe katako. Waje ya bushe ya motse, ciki bai riga ya bushe ba, dole ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, damina mai zuwa ruwa zai kwanta a cikin tsagar nan.

Ta uku su ne masu rai, wato funfuna mai ruɓar da katako, da gara, da ƙwaron nan mai huda ƙananan ramuka yana zubo gari. Funfunar da ke ruɓarwa ba ta iya komai in danshin katako bai haura kashi 20 cikin 100 ba. Busasshen katako ba ya ruɓewa, ko shekara nawa zai yi. Ƙafafun bencinku sun yi laushi ne don suna tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma bakin yanka, inda zarto ya ratsa, yana zuƙar ruwa kamar tsinken shan lemo, ya ninka gefen falanki sau da yawa.

Man tsirrai yana taimakawa ƙwarai a kan ta biyu, yana taimakawa a kan ta farko in an sa masa launi. A kan gara kuwa, kada in yaudare ku, ƙarfinsa kaɗan ne.

Mai Kwano Kakuri: To ai ka dawo kan maganata. Tunda ba ya maganin gara, me ya rage?

Ɗan Afaka: Yaya, aikinka daban da na Malam. Katakonka yana ƙarƙashin kwano, ba ruwa ba rana, ba mai taɓa shi. Ina ma zaton bushewar da yake yi a can sama ita ke kare shi fiye da man. Amma baƙin mai man da inji ya gama ƙonawa ne, akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki da sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji a fata in ana yawan cuɗanya da su. Ba ya bushewa, rana na bugunsa zai yi gumi ya fito. A ce yara su zauna a kansa awa uku kullum? Ko kirosot da ake jiƙa turakun lantarki da shi, wanda ya fi baƙin mai aiki nesa ba kusa ba, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar wa mutanen gida da shi tun 2003. A ƙarshen 2003 ɗin kuma Amurka ta daina amfani da katakon da aka yi wa magani mai sinadarin arsenik a gidaje da wuraren wasan yara. Ba don maganin ba ya aiki ba, don yara ne.

Mai Kwano Kakuri: Na yarda a kan benci. A kan rufi dai ina nan a kan bakata.

Maman Hanifa, Unguwar Dosa: Salamu alaikum. Ni sabulu nake yi, ina kuma tatsar man darbejiya da kaina. Idan 'ya'yan suka zubo sai in sa yara su tsinto, mu wanke, mu shanya, mu fasa, a daka ƙwayar a turmi, a riƙa yayyafa ruwan ɗumi ana murzawa har man ya fito. Ɗaci gare shi da wari kamar tafarnuwa ta kwana. Na shafa wa ƙofar kicin ɗina da katakon da nake jera sabulu, ƙwaron nan mai zubo gari ya daina. Malam, in kana so zan ba makaranta kwalba biyu sadaka.

Malamin Rigasa: Allah ya saka da alheri Hajiya, Allah ya sa a mizani. To Ɗan Afaka, man darbejiyar ya isa shi kaɗai?

Ɗan Afaka: Bai isa ba Malam, amma kada ka mayar da kyautar Hajiya. Abin da ke korar ƙwari a cikinsa gaskiya ne, har a gona ana feshi da shi. Matsalarsa rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, kuma shi ba mai bushewa ba ne. A kicin ɗin Hajiya inuwa ce, shi ya sa ya daɗe. A waje sai dai ya zama shafin farko, ya shige ciki, a goge, a bar shi ya sha iska, sannan a rufe shi da man da ke bushewa.

Nan ne mutane ke kuskure. Mai iri biyu ne. Akwai wanda in ya sha iska yake daskarewa ya zama kamar fata a cikin katako, akwai wanda zai zauna da maiƙonsa har abada. Man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro da ake saƙa da zarensa, shi ne shugaban masu bushewa, ana samunsa wajen masu sayar da kayan fenti. Akwai man tung daga Sin, ya fi shi jure ruwa amma ya fi tsada da wuyar samu. Man waken soya da na auduga rabi-da-rabi ne, suna daɗewa suna danƙo. Man gyaɗa da manja da man kaɗanya ba sa bushewa.

Abban Sadik: Wannan na gani da idona. Na shafa wa tebur ɗin shagona man gyaɗa don ya yi ƙyalli. Sati biyu ya fara ƙauri, kiyashi suka yi layi, da damina ta kankama ya yi baƙin tabo. Sai da aka kankare shi da sanfefa.

Maman Hanifa, Unguwar Dosa: Amma man kaɗanya muna shafa wa muciya da akushi da sabon turmi don kada su tsage da hunturu, tun iyayenmu.

Baba Kafinta, Panteka: Daidai ne 'yata, wannan wurinsa ke nan. Abin da za a ci abinci da shi a shafa masa abin da ake ci. Kullum yana hannu, ana wankewa ana sakewa. Benci da ke kwana a waje ba mai yi masa wannan hidimar.

Jikan Majema, Zariya: Ina ta jira in ji an ambaci bagaruwa ban ji ba. Gidanmu gidan jima ne. Fata ɗanya in ka ajiye ta kwana biyu sai wari, amma in ta kwanta a ruwan bagaruwa sai ta shekara hamsin tana jaka ko takalmi. Abin da ke ɗaure bakin mutum in ya tauna bagaruwa shi ne ke hana ruɓa, kuma danginsa ne ke cikin zuciyar itatuwa da yawa da Baba ya yi magana. Kakana yakan daka busasshiyar bagaruwa, ya jiƙa ta kwana biyu ko ya tafasa, ya tace, ya tsoma ƙotar fartanya da turakun rumfa a ciki. Katakon yakan fito ja-ja.

Abu biyu zan gargaɗe ka Malam. Ruwa ne ya kai ta ciki, ruwa kuma zai fito da ita, don haka in ba a rufe da mai ba damina ɗaya za ta wanke ta. Na biyu, bagaruwa ba ta ga maciji da ƙarfe. Duk inda ta haɗu da ƙusa sai wurin ya yi baƙi ƙirin kamar tawada, da irin wannan haɗin ne ma dukawa ke baƙanta fata. Kada ka tafasa ta a tukunyar ƙarfe mai tsatsa, ka jiƙa a roba ko tukunyar ƙasa.

Kuma ku tuna da makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa, ruwan ya yi ja, a yayyafa wa daɓe da bango don ruwa ya riƙa zamewa. Mutanen zamanin da ba su rasa dabara ba. Ku je Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, bakan gizon da ke ciki, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, azara ce aka lulluɓe da ƙasa. Ba su san baƙin mai ba.

Baba Kafinta, Panteka: Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: an lulluɓe ta. Ba rana ba ruwa. Magina na da sun san itace ba ya son a bar shi tsirara.

Ɗan Kawo a Turai: Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ina karatu a Suwidin, kuma tun da na zo abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gidajen katako jajaye a ƙauyukansu. Na tambaya aka ce mini jan fentin daga garin Falun ya samo asali, inda aka yi ƙarnuka ana haƙar tagulla har aka rufe mahaƙar a 1992. Jar ƙasar da ta rage daga haƙar ake dafawa da ruwa da garin hatsi da ɗan man linsid. Kunu ne fa, kamar yadda ake dama koko, sai a shafa. Ba ya yin ɓawo ya ɓare kamar fentin mai, katako yana numfashi a ƙarƙashinsa, in ya kwashe shekaru ya kode sai a goge da burushi a sake.

A Norwe kuma akwai wata majami'a ta katako zalla a Borgund, ta haura shekara 800 tana tsaye cikin ruwa da dusar ƙanƙara. Kwaltar itace suke shafa mata, wadda ake samu in an turara saiwa da kututturen bishiyar fayin a rufe. Amma ba shafi ɗaya aka yi aka tafi ba, ana ta maimaitawa tsara bayan tsara. Sai dai su ba su da gara, sanyi bai bar ta ba. Don haka ba komai nasu ne zai yi mana ba.

Ɗan Afaka: Ka kawo abin da nake son zuwa gare shi. Jan nan shi ne sirrin. Mai garai-garai ba ya tare hasken rana, katako zai yi furfura a ƙarƙashinsa. Launi ne ke tarewa, kamar yadda hula ke tare kai. Jan garin da masu daɓen siminti ke sawa, tsatsar ƙarfe ce aka niƙa, dangin abin da ke cikin fentin Falun. Ɗan kaɗan a cikin man linsid ya isa, a dama sosai kada ya yi gudaji. Ba tsiro ba ne, ƙasa ce, kuma in man ya bushe ba ya bin tufafi.

Mai Zuma, Kujama: Ni amya nake yi na katako, kuma ƙudan zuma ba sa yafe wari, in ka shafa baƙin mai ko kananzir ba za su shiga ba. Abin da nake yi: in narkar da kakin zuma kaɗan a cikin man linsid, kwano a cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. In shafa ta waje kawai, musamman bakin yanka. Ruwa yana sauka yana mirginawa kamar a ganyen gwaza. Kada kakin ya yi yawa, zafin rana na watan Maris zai narkar da shi ya yi danƙo, ƙura ta manne.

Maganar gara kuma, na ga wani ya rubuto mini ta gefe yana tambaya kan man ɓawon kashu. Bari in amsa a nan kowa ya ji. Yana aiki, a Indiya da shi suke shafa jiragen ruwa na katako. Muna zuba ɓawon a gwangwani mai huji a ƙasa, a yi wuta a kewaye, baƙin man ya ɗiga a wani gwangwanin. Ina shafa wa gindin turakun da nake ɗora amya. Amma wallahi wuta ne. Ya taɓa ɗigar mini a bayan hannu, kafin yamma ya tashi ƙuraje masu ruwa, fatar ta saɓule, har yau tabon yana nan. Hayaƙinsa ma yana kumbura fuska. Malam, kada ya kusanci inda yaro zai zauna ko ya taɓa.

Malamin Rigasa: Subhanallahi, Allah ya ƙara lafiya. Na cire shi daga lissafi. To ginshiƙan rumfar fa? Su dole su shiga ƙasa.

Baba Kafinta, Panteka: Wa ya ce dole? Ka sa magini ya zuba maka ɗan dandamalin siminti, tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa, a dasa ƙarfe a ciki, a ɗaure ginshiƙin da noti yadda gindinsa ba zai zauna cikin ruwa ba. Gara daga ƙasa take zuwa, kuma ba ta son haske, sai ta gina hanyarta ta laka. In akwai siminti tsakani za ka ga hanyar tana hawa, yaro ma zai gani ya kankare da tsinke. In kuwa itacen yana binne, tana ci daga ciki kana gaishe shi kullum ba ka sani ba. Mutanen karkara suna babbaka gindin turke kafin su binne, yana ɗan ƙara masa kwana, amma na sha tone babbakakken turke na tarar gara ta bi ta tsaga ta shige.

Bencunan ma haka. A daɓe ƙasan rumfar. A yanka tsohuwar taya a buga wa kowace ƙafa takalmi. Kwanon rumfar ya zarce bencin ƙarshe da kamu biyu saboda feshin ruwa, kun san yadda ruwan farkon damina ke zuwa da iska a garin nan. Wajen zama kada a haɗe falanki biyu ƙam, a bar 'yar tazara da ruwa zai zube. A kashe kaifin gefuna da sanfefa, kaifi ne ke fara tsagewa ya ba da sartse.

Shafin kuma ga yadda nake yi. Ka sayi katakon yanzu da ruwa ya ɗauke, ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. Kada ka shanya a rana, zai murɗe. Ka bar hunturu ya yi aikinsa. Sai a yanka, a goge, a shafa kafin a harhaɗa, don man ya shiga inda ƙafa ke haɗuwa da falanki, nan ruwa ke ɓuya. Bakin yanka ka tsoma shi cikin gwangwanin man ya kwana. Sauran jiki shafi siriri, ka jira kamar rabin awa, ka goge duk abin da bai shige ba da tsumma har sai hannu ba ya jin maiƙo. Masu gaggawa suna laɓtawa da kauri su tafi, sai ya yi danƙo wata guda yana kama riga. Shafi uku, tsakanin kowanne ka ba shi kwana biyu ko fiye, a ɗaki ko a rufe saboda ƙurar hunturu.

Ɗan Afaka: In ƙara a kan na Baba. Man linsid iri biyu ne a kasuwa. Ɗanyen yana iya kai mako ko fiye bai bushe ba. Wanda aka rubuta wa dafaffe yana bushewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu saboda an zuba masa sinadarin busarwa, ya yi wa benci amma kada a shafa wa abin cin abinci. Wanda kuma ake sayarwa da sunan man tik, ba daga bishiyar tik aka tatso shi ba, haɗi ne na irin waɗannan mayukan da abin tsinkawa. Ita tik ɗin, irin wadda aka shuka a dajin Nimbiya a kudancin jihar nan, da maiƙonta take fitowa, shi ya sa take jure waje.

Baba Kafinta, Panteka: Saura abu ɗaya, kuma ku riƙe shi da kyau. Tsumman da kuka goge man linsid da shi kada ku dunƙule ku jefa a lungu. Man yana ɗaukar zafi lokacin da yake bushewa, in tsumma ya taru a dunƙule yakan kama wuta da kansa, ba ashana ba komai. Wani yarona ya taɓa tara su a kwali cikin garin katako muka tashi. Allah ya sa mai gadi ya ji ƙauri da dare, ya tarar kwalin yana hayaƙi. Da shagona da na maƙwabta sun tafi. Ku baza shi a fili ya bushe, ko ku nutsar da shi a bokitin ruwa.

Mai Kwano Kakuri: Duk na ji. Tambayata ɗaya, shekara nawa wannan wahalar za ta kai?

Ɗan Afaka: Shafin ba ya kai shekaru, gaskiya ke nan. Abin da ke shan rana da ruwa kai tsaye sai an sabunta duk shekara. Na ƙarƙashin rumfa yakan fi haka. Gwajin mai sauƙi ne, a ɗiga ruwa. In ya dunƙule ya tsaya, da saura. In ya shige ya bar tabo, lokaci ya yi. Sabuntawar shafi ɗaya ce, ba kankara, ba kamar banish ba da ke ɓarewa sai an goge shi duka. Kuma a daminarmu man linsid yakan yi ɗigo-ɗigon baƙar funfuna a sama, a wanke da sabulu a bar shi ya bushe kafin a ƙara.

Malamin Rigasa: Jama'a, na dawo da labari bayan wata goma sha ɗaya, don hakkinku ne ku ji. Mun sayi maɗaci na bencuna 8, kuɗin bai kai ba muka cike 6 da malaina. Sun sha hunturu a jere a zaure. Shida daga ciki mun fara musu da ruwan bagaruwa, sauran da man darbejiyar Hajiya, sannan duka suka sami man linsid da jan gari sau uku. An daɓe rumfar, an sa takalman taya, ginshiƙai suna kan siminti.

Damina ta wuce. Babu wanda ya tsage, babu sartse, hijabi ko ɗaya bai ɓaci ba. Na bagaruwar sun yi baƙi a kewayen kowace ƙusa kamar yadda Jikan Majema ya faɗa, har iyaye suna tambaya ko ƙonewa suka yi. Waɗanda muka sa wa man darbejiya sun fi daɗewa kafin su bushe, biyu sun yi kusan sati uku suna danƙo, ina jin ba mu goge shi sosai ba. Bencuna biyu na bakin rumfa ta gabas, inda ruwa ke feso, sun kode kuma sun yi baƙin ɗigo, na ɗiga musu ruwa ya shige nan take. Sau biyu gara ta gina hanya a jikin simintin ginshiƙi, yaran da kansu suka gani suka kankare, yanzu har rige-rigen dubawa suke yi kafin a fara karatu.

Baba, na bakin rumfar nan, in shafa musu yanzu ko in jira?

Baba Kafinta, Panteka: Kada ka shafa yanzu, akwai sauran ruwa a cikinsu. Ka wanke ɗigon da sabulu, ka shigar da su zaure, ka mayar da biyu na tsakiya gurbinsu. In hunturu ya yi sati uku sai ka shafa. Kwanon gabas ɗin kuma a ƙara masa falle ɗaya.

Mai Kwano Kakuri: Fallen kwanon ku bar mini, ina da ragowar wani aiki. Malam ka turo mini kwatance ta gefe, ranar Asabar bayan la'asar zan shigo Rigasa da tsani.